Ɗamarar da ba ta hau masaƙa ba

Lokacin kullen korona a Cheras, unguwar da nake zaune a ƙasar waje, ɗamarar da wata tsohuwa 'yar ƙabilar Seminole, mutanen asali na jihar Florida, ta ba marigayiya matata a can ta fara warwarewa. Telolin unguwar Brickfields duk sun rufe. Ni ɗan masaƙi ne, na ga saƙar Bida da ta jihar Sarawak ta ƙasar nan, na ɗauka gyaran ba zai gagare ni ba. Kwana uku ina neman zaren kwance, wanda ƙoshiyar saƙa ke ratsawa da shi. Babu shi. Zaren tsaye ne ke karkatowa ya ratsa 'yan'uwansa ɗauke da fararen duwatsun ado, sannan ya koma sahu. Ashe yatsu kaɗai suka yi wannan aiki! Na ƙulle bakin a hankali, ban sake jan ko zare ɗaya ba.