Kirarin da Bai Shiga Kaset Ba

Mun tashi daga Galmi ana kiran sallar asuba, mu huɗu a saman motar albasa, mun nufi Lome. Ku da kuke ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ga shi nan, amma kada ku sa ran dariya da yawa. Albasa na kai sayarwa, sai dai ba ita ce ta fi yi mini nauyi ba. A aljihuna akwai kaset da Gwaggo ta ba ni a Dogarawa in kai wa ɗanta Sanda, taubashina, wanda shekara shida ke nan rabonsa da gida. Idanun Gwaggo sun tafi tun bara. Ta zauna gaban rediyona ta yi maganarta, ta ce in dawo mata da amsa daga bakinsa a ɗaya gefen kaset ɗin. Ba kuɗi ta roƙa ba, ba ta ma ce ya dawo ba. Kirarinsa na kokawa kawai take so ya yi mata, ta ji ɗanta yana nan da ƙarfinsa.

Wanda bai san Sanda ba, to bai kalli kokawa a yankinmu ba. Daga Illela har Konni, kaka biyar a jere ba wanda ya sa gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Shekarar fari ya tafi cin rani, shi ke nan. Labarin da ke iso mana shi ne yana gadi a tashar jirgin ruwa, kuma da wannan labarin Gwaggo take tinƙaho a gidan suna.

Hanya ba ta da wani daɗi. A Konni 'yan duwan, wato kwastan, suka riƙe mu har hantsi. Daga nan Dogon Dutsi, Dosso, Gaya, kowane shinge sai jandarma ya leƙa takardunmu kamar jiya aka canza mana fuska. Muka haye gadar Kwara muka kwana a Malanbil. Kwana biyu a kan albasa ba wasa ba ne: da muka shiga masallaci, sahun da muka tsaya sai da ya yi fili hagu da dama, ba wanda ya ce mana komai. A Paraku na ci sakwara da miyar da ta sa ni hawaye, mai abincin tana ta dariya, ta ƙara mini ruwa ba ta rage mini ko dala ba. Tun daga can iska ta sauya. Gumi yake fitowa ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya, ƙasa ta yi kore har ta ba ni haushi da na tuna gonakinmu.

Rana ta huɗu muka bi titin bakin ruwa daga Kwatano zuwa Lome, itatuwan kwakwa jere a hannun hagu. Nan na fara ganin teku. An sha ba ni labarinta, amma ba wanda ya gaya mini ba ta yin shiru. Ruwa mai yawa haka, ba a sha, ba a ban ruwa da shi, sai ruri dare da rana.

Na sauke albasa, na sauka a zango wurin mutanenmu, na fara cigiyar Sanda. Duk wanda na tambaya sai ya ce ya san shi, sannan ya shiga tambayata labarin damina. A ƙarshe wani tsohon mahauci ɗan Illela ya ja ni gefe.

"Malam, ba a ganinai da rana. Ka bari sai bayan lisha, ka bi bakin ruwa inda fitilu suke. Amma ka tahi da haƙurinka."

Na bi. Unguwar da rana ba ta da wani fasali, amma da dare sai ta farka. Gidajen giya ne ƙofa da ƙofa, fitilu ja da kore suna kamawa suna mutuwa, kowane gida da nasa kiɗan, duk sun haɗu sun zama hayaniya ɗaya. Turawa da gajeren wando, rana ta gasa su sun yi jajir. Ma'aikatan jirgin ruwa suna tafe suna layi. 'Yan mata da ba su fi ƙannena ba suna zaune kan dogayen kujeru, suna dariya idan an dube su, suna hamma idan an kau da kai. Warin giya, da na soyayyen kifi, da na fitsari a gindin katanga. Na shiga gida uku ina dube-dube. A ɗaya na sayi lemun kwalba don kada a kore ni, kuɗin da aka karɓa zai sayi tiyar hatsi a Dogarawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mai tsire a ƙofa namu ne, mai taba namu ne, mai goge takalmi namu ne. Ciki na wasu, bakin ƙofa namu.

A gida na huɗu na gan shi. Yana tsaye a ƙofa da baƙar riga da ta matse shi, ya ɗauko wani mashayi kamar buhun ƙaiƙayi ya ajiye a titi. Na ɓoye a bayan teburin mai tsire ina neman abin da zan fara ce masa. Kafin in samu, mai gidan, wata mace mai jan ƙumba, ta tafa hannu aka kashe kiɗa. Sanda ya tuɓe riga, ya ɗaura ɗamararsa ta layu, wadda na san ranar da aka ɗinka ta. Ya shiga tsakiyar teburori, ya ɗaga hannu, ya kwarara kirarin da nake ji tun muna samari. Muryar tana nan yadda take. Turawa suna tafi, suna ɗaukar hoto, wata ta miƙa hannu tana latsa damtsensa, ana jefa masa silalla a ƙasa. Yana tsakiyar yi idonsa ya faɗa cikin nawa. Bai tsaya ba. Ya ƙarasa, ya durƙusa ya tsince kuɗin, sannan ya fito.

"Taubashi," ya ce, "warin albasarka ya riga ka isowa."

"Kai kau ashe tashar jirgin taku da kiɗi take."

Tsakaninmu wasa ne tun muna yara, ba a fushi. Amma ranar ba wanda ya yi dariya. Na ce masa na zo da saƙon Gwaggo. Ɗakinsa yana bayan gidan giyar, kiɗa har bango yake girgizawa, ya ce ba zai saurari uwarsa a nan ba. Muka jira gari ya waye.

Da sassafe muka zauna kan rairayi, nesa da kwalaben da aka zubar. Masunta suna jan koma suna waƙa da yarensu. Na kunna rediyo. Muryar Gwaggo ta fito: "Sanda, ni ta, uwarka. Idanu sun tahi, ko ka zo ba ni ganinka. Abu guda nika so, ka yi min kirarinka cikin abin ga, irin wanda kaka yi hilin Illela." Ya saurara har ƙarshe kansa a ƙasa, ya ce in sake. Sau uku muka ji.

Na juya kaset na danna wurin ɗauka. Ya gaishe ta, ya gaida dangi gida-gida bai manta kowa ba, ya ce aikin tashar jirgi lafiya lau. Sannan ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ya sake, haka. Raina ya ɓaci, na toshe bakin rediyon da tafin hannuna don kada ya ɗauki maganarmu, na ce masa a hankali:

"Jiya ka yi ma mashaya shi. Uwarka ce ba ta kai ba?"

"Shi ya sa," ya ce. "Bakin da ya saida shi ba ya kai ma Inna shi."

Ya koma ya zauna. Ban kashe ba, ina sa ran ko zai sake gwadawa. Muna nan zaune har kaset ya ƙare da kansa. Na yi tunanin in koma da dare in ɗauka a ɓoye, amma shewar mashaya za ta shiga ciki, kuma Gwaggo makauniya ce, ba kurma ba. Ya ba ni turmin atamfa in kai mata. Na ce ya biyo ni, akwai wuri a mota. Ya ce da wace fuska.

Dawowa na hau motar gishiri. Kwana uku ban ji daɗin abinci ba, ina ta shirya ƙaryar da zan yi: batir ya mutu, ko iska ta ɓata ɗauka. Da na isa Dogarawa na tarar da ita a zaure kan tabarma. Ta sallami matan gidan, muka rage mu biyu. Na kunna mata kaset ɗin, ta ji gaisuwarsa tana amsawa kamar yana gabanta. Da maganar ta ƙare, sai rurin teku kawai. Na kai hannu zan kashe, ta riƙe mini hannu.

"Bari. Shina nan, ina jin lumhwashinai."

Ta saurara har ƙarshe, kusan rabin awa, ba ta motsa ba. Duk ƙaryar da na shirya ba ta tambaye ni ko ɗaya ba. Da rediyon ya tsaya, ta shafa atamfar da ke cinyarta ta ce:

"To, ya sha ƙasa ke nan. Kada ka hwaɗi ma kowa wa ya kayar da shi, ni ma ban son sani."

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma ba mai daɗi ba. Na daina zagin waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa, don na ga ba duka ne daɗi ya riƙe ba, wasu kunya ce. Washegari akwai suna a maƙwabta, na ji an tambayi Gwaggo labarin Sanda. Ta ce yana gaida kowa.