Matakin Ƙafar Da Na Hana A Sa

A shekarar da na ajiye aikin koyarwa na yanke shawarar sayen babur, domin lungunanmu na cikin birni ba sa ɗaukar mota, kuma mai ɗakina tana fama da ciwon gwiwa wanda ya wajabta mata ganin likita a Wusasa kowace Talata. Dalilin sayen ke nan. Ina so a riƙe wannan, domin ni ban riƙe shi ba.

A makarantar mishan aka horar da ni, inda ake auna gefen takarda da rula kafin a fara rubutu. Da wannan tarbiyya na shiga kasuwa. Na hau babura bakwai kafin na zaɓi ɗaya, na karanta littafinsa daga bango zuwa bango, sannan na tura shi wurin wani bakanike a Ƙofar Doka, magidanci mai furfura a gemu, na karanta masa abin da nake so. A rage soson mazaunin ta gaba har tafin ƙafata ya zauna daram a ƙasa. A ɗaga hannuwan babur ɗin yatsa biyu saboda kafaɗata. A ɗaure shokozobar baya, mai rage jijjiga, ta yi tauri, don kada babur ɗin ya yi lilo a kwana. A cire kariyar baya, wato ƙarfen ɗaura kaya, wadda na ga ba ta da fasali.

Ya yi duka. Da ya gama sai ya goge hannu, ya ce, "Baba, kai kaɗai za ka riƙa hawa?"

Na ce da iyali.

"To ai Hajiya a karkace za ta zauna, ƙafa biyu gefe guda. Bari a yi mata waldar faffaɗan mataki ta hagu, mu sassauta shokozobar bayan. Kariyar nan kuma ita ce abin riƙonta. Haka muke yi wa na dattawa."

Na buɗe littafin na nuna masa zanen. Na ce waɗanda suka ƙera shi sun fi mu sanin inda mataki ya dace.

Ya yi dariya ya ce, "Su matansu wando suke sawa, Baba."

Ban yi dariya ba. Na gaya masa cewa ban zo neman shawara ba.

Babur ya yi yadda nake so. Yana shan kwana kamar an ja layi, kuma bayana bai taɓa ciwo ba. Kowace Talata mai ɗakina takan hau a karkace, ta kama gefen rigata da yatsu biyu, mu bi gargadar hanya har asibiti. Ban taɓa waiwayawa na ga inda ƙafafunta suke ba. Ɗaya tana kan ɗan guntun ƙarfen da aka yi don mai zaman raba ƙafa, ɗayar, mai ciwon, tana reto a iska.

Bayan wata biyu ta ce ta ji sauƙi, ba sai an je ba. Mako na gaba ta ce za ta gidan suna. Na yi mata faɗa a kan sakaci da rashin kiyaye lokaci, irin faɗan da nake yi wa ɗalibai. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam." Haka Talata shida ta wuce, har gwiwar ta kumbura ta kasa durƙuson salla. A motar maƙwabci muka kai ta asibiti, bayan an tallafo ta zuwa bakin titi.

Ina tsaye a bayan labule riƙe da katinta na ji ma'aikaciyar jinya tana tambayarta dalilin da ya sa ta daina zuwa.

Mai ɗakina ta sassauta murya ta ce, "'Yata, mashin ɗin ne. Duk ramin da muka faɗa, a nan nake jin sa. In mun iso, kwana biyu ba na taka ƙafar."

"Haba Mama, ba ki faɗa wa Baba ba?"

"Mutumin da ya yi sati yana aune-aune? Ya ce babu irinsa a Zariya. Shekara arba'in ban taɓa jin an ce wa Malam aikinsa da gyara ba. Ba ni zan fara ba."

Na koma kan benci na zauna, sai da aka kira ni sau biyu kafin na ji.

Washegari na mayar da babur ɗin Ƙofar Doka. Bakaniken bai tambaye ni komai ba, kuma da ya tambaya da ya fi mini sauƙi. Aka yi waldar matakin, aka sassauta bayan, aka mayar da kariyar.

Likita ya ce da ba a yanke zuwan ba, da gwiwar ba ta kai haka ba. Yanzu da sanda take tafiya, kuma sai na ɗaga mata ƙafar kafin ta hau. Har yau ban gaya mata cewa na ji abin da ta faɗa ba.