Ɗinkin Bahago a Bakin Buhun Albasa

Kafin sunana ya ɓaci, ni ne mai buga ganga a cocinmu na Maiyama. Iyayena manoma ne, ba su taɓa barina da yunwa ba, don haka kada wani yaro ya ce talauci ne ya kai ni. Kwaɗayi ne, da son a ce na waye.

Da na tasa, Baba Ishaya, dattijon cocinmu mai noman albasa, ya kai ni Aliero na koyi cika buhu da ɗinke bakinsa. Ni bahago ne, ɗinkina a juye yake tafiya, duk kasuwar an san shi. Na fara da jefa 'yan albasa a aljihu. Daga nan wani abokin aiki ya koya mini zuba manya a gindin buhu da bakinsa, a cusa ruɓaɓɓu a tsakiya. Mai saye ya leƙa ya ga kyau, sai ya isa Kudu ya yi kuka. Ran Lahadi kuma in rungumi gangata, ko gezau.

Ɓera ya ga rami, ai sai ya ƙara tono. Wata shekara Baba Ishaya ya ajiye albasarsa a rumbu yana jiran ta yi daraja. Ranar da ya tafi jana'iza Zuru, ni da abokin aikin nan muka kwashe ta da rana tsaka, maƙwabta na kallo, suna zaton shi ya aiko ni. Muka kai Jega muka sayar. Wautar da na yi, da hannuna na ɗinke buhunan. Dillali na ganin ɗinkin ya faɗi sunana, alƙali kuwa bai sha wahala da ni ba.

A gidan yari na san mene ne kunya. Rannan aka ce ina da baƙo, na fito na ga Baba Ishaya da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli. Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Baba, me ya kawo ka wurin wanda ya kashe maka shekara?" Ya ce, "Ranar da aka yi maka baftisma ni na tsaya maka. Ba a ce mini in tsaya sai kana da kirki kaɗai ba." Na yi kuka kamar yaro. Bai daina zuwa ba har aka sake ni, kuma a wurinsa na koyi cewa bin Yesu ba a ganga yake ba.

Da na fito, ba wanda ya yarda ya ba ni ko tsintsiya. Baba ya kai ni wurin Alhaji Bello na Aliero, wanda ya ara masa fadamar da yake nomawa, ya roƙe shi ya ɗauke ni aikin cika buhu. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ishaya, in aka iske ruɓa cikin buhun yaron ga, ka bar min fadamata." Baba ya ce ya yarda. Wannan fadamar ita ce abincin gidansa duka.

Gwaji bai daɗe ba ya zo. Wata rana albasa ta yi ruɓa da yawa, mota na jira, kaya bai cika ba. Mai kula da ma'aikata ya raɗa mini, "Kai da kas san aikin, mi kaka jira? Cusa su ciki, wa ka gani?" Ba zan yi muku ƙarya ba, na cusa. Hannuna bai manta ba. Na ja allura har rabin baki, sai na hango Baba yana sauke kwandonsa a bakin rumfa, bayansa a tanƙware. Na warware zaren, na zazzage buhun a ƙasa, na tsince ruɓaɓɓun a gaban kowa. Mai kula da ma'aikatan ya zage ni tas, ya ce tuban muzuru ne, kaya kuma zai tashi da giɓi.

Ana cikin lodi sai mai kayan ta iso, wata 'yar kasuwa daga Kudu. Tana ganin ɗinkina ta tsaya cak. Ta ce ta san wannan hannun, ya taɓa sa ta asara. Ta ce a ba ta wuƙa. Mutane suka taru, Alhaji ya fito, Baba ma ya matso. Ta farke buhu a tsakiya, albasa ta zubo, lafiyayya. Ta farke wani. Ta sake farke wani. Ni dai ina tunanin buhun da na warware ɗazu.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ba wanda ya yaba mini. Ta ce a ci gaba da lodi, shi ke nan. Baba ya miƙo mini allura ya ce, "Ɗinke su, ɗana. Gobe ma haka."

Yara, ku ji ni da kyau. Albasar farko da za ku jefa a aljihu, ku mayar da ita. Ubangiji ya gafarta mini, fadamar Baba tana hannunsa, amma kasuwa ba ta mantuwa. Har yau duk wanda ya ga ɗinkin bahago sai ya farke buhun a tsakiya. Ba na fushi, ni na koya musu. Sai in durƙusa in tattara albasar, in sake ɗinkewa.