Ranar da Na Gangaro da Baba Babu Birkin Gaba

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da safiyar wata Laraba cikin damina da na goya mahaifina a bayan keke muka kama wata gangara a nan Jos. Shekaru sun ja, amma har yau ina tuna ta kamar jiya aka yi.

A lokacin ina sarin kayan gwari a Farin Gada, kabeji da karas da koren wake, ina kai wa gidaje a Rayfield. Wanda ya san garin nan ya san tafiyar hawa ce da sauka. Da gwiwoyina suka fara ƙorafi sai na sayi ɗan ƙaramin inji aka ɗaura wa tsohon kekena. Ranar da na shigo unguwarmu ta Ali Kazaure da shi yana ƙara kamar injin markaɗe, ji nake duk unguwar babu kamata. Abin da ban waiwaya ba shi ne birki. Na baya yana nan da tsohuwar robarsa, na gaba kuwa dama a kwance yake.

Wannan kuma koyarwar Baba ce. Ya daɗe yana aikin masinja a kan keke, kuma a wurinsa birkin gaba ba shi da amfani sai kifar da mutum a kan haƙoransa. Duk keken da ya shigo gidanmu sai ya ɗauko sifana ya sassauta na gaban kafin a hau. Idan na baya ya gaza, ai Allah ya ba ka ƙafa, sai ka danna takalmi a taya. Haka muka tashi, babu wanda ya taɓa tambaya.

Ran nan za a duba masa ƙafarsa a asibiti. Na ce bari in tsayar da Napep, ya ce shi ba zai je ya matsu da mutane ba ga ɗansa da inji. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Na naɗe buhu a kan kariyar bayan keken ya zauna, muka tafi, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, kwalta tana ta sheƙi.

A ƙasan gangarar akwai mahaɗa, ga wata babbar motar dankali tana juyawa ta tare hanyar gaba ɗaya. Na saki giya, na matse birki. Hannun birkin ya tafi har ya taɓa ƙarfe, amma keken ko gezau.

"Rage gudu mana," in ji Baba.

"Baba, na matse, ba ya ci."

Ya ce, "Sa ƙafa."

Na danna silifa a tayar gaba. Nan take tayar ta fizge shi, ta haɗa da fatar diddigena. Na ji hannayen Baba sun zagaye cikina, yana salati a hankali a bayan kunnena. Abu ɗaya ne ya cika mini kai: yau ni zan kashe mahaifina, saboda son a gani. Tsoron da na ji ba na kaina ba ne ko kaɗan.

Allah ya sa a hannun hagu akwai tulin yashi a gaban wani gini da ba a ƙarasa ba. Na karya kan keken na nufe shi. Na tashi bakina cike da yashi, na rarrafa wurin Baba, yana kwance idonsa a rufe. Na kira shi sau biyu kafin ya buɗe ido ya ce, "Ina hulata?" Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma a wurin na zauna na yi kuka sosai.

Wani dattijo mai gyaran babur, ɗan asalin Filato, shagonsa yana tsallaken titi, shi ya zo ya taya ni ɗaga Baba ya ba shi benci. Sannan ya tsuguna ya shafa ƙarfen tayar baya inda roba ke kamawa, ya nuna mini yatsarsa baƙi ƙirin.

"Oga, ka gani? Mai na inji yana zuba a nan, ruwa ya zo ya ƙara. Roba zai kama me?" Ya taɓa na gaba ya ji shi sakwaf. "Wane ne ya kwance wannan?"

"Ni ne," in ji Baba. "Na gaba kisa yake."

Mutumin bai yi dariya ba, shi ya sa har yau nake ganin girmansa. Ya ce, "Baba, a lokacinka ƙafanka ne inji, in ka gaji keke ya gaji. Wannan ba ya gajiya. Kuma in mutum zai tsaya, duka nauyi yana zuwa gaba. Na gaba ne mai aikin."

Muka bar keken a wurin, muka ƙarasa asibiti a Napep ɗin da Baba ya raina.

Washegari da zan koma shagon sai ya ce da shi za a je. Ya zauna ya zuba ido aka cire tayar gaba aka sa mai birkin faifai, aka sake wayoyin birki, aka sa sabuwar roba a baya da ɗan ƙarfe mai tare man inji. Dattijon ya sa na yi ta kai da komo a gaban shagonsa: in fara da na baya, in bi da na gaba a hankali, kada in fizga. Ya ce kullum da safe in goge ƙarfen taya, in matse duka biyun in tura keken in gani, kuma roba ta fara siriri kada in jira ta ƙare.

Mako ya zagayo, ranar komawa asibiti. Kunya ta hana ni ko kallon keken, na fita neman Napep. Baba ya kira ni daga zaure.

"Tayar da injin nan."

"Baba, bayan abin da ya faru?"

"Ai an gyara. Ko ba ka yarda da hannunka ba?"

A gangara ta farko ya ce in matsa na gaban mu gani. Na bi yadda aka koya mini, keken ya tsaya cak daidai inda na so. Sai ya ce, "Ashe shekara da shekaru ina kwance abin da zai cece ni." Ban taɓa jin ya janye maganarsa ba sai ranar.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka ƙara wa gudu, ka fara tanadar masa abin tsayawa. Shawarar Baba ta yi masa aiki a kan kekensa, ni ne na canza keken na bar shawarar yadda take. Wanda ya yarda ya zauna a bayanka ya ba ka amanar ransa ne, kuma ni saura ƙiris in zubar da ta mahaifina.