Wainar Gida Biyu a Kan Hukunci Ɗaya

A danginmu ni ne ɗan boko, don haka duk abin da ya shige wa mutane duhu ni ake nema. Aikina a ofishin gwamnati bai wuce jera fayil ba, amma Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta ɗauka duk mai zuwa ofis da safe ya san shari'a.

Gidanta na Hayin Banki ake rigima a kai. Mijinta ya sayi filin ya gina, bayan rasuwarsa wani Alhaji mai sayar da taya ya ɓullo, wai shi aka fara sayar wa. Kotun farko ta ba Gwaggo gaskiya. Alhaji ya ɗaukaka ƙara, aka yi ta ɗage zama har na gaji da neman izini a wurin aiki, sai dai in sulale.

Ranar hukunci ina wurin. Kowace kalma ta Turancin na ji ta, amma da aka haɗa su sai na rasa kan zancen. Muna fitowa lauyanmu ya ce, "Alhamdu lillahi, ba a ba shi gidan ba." Na waiga, sai ga Alhaji can ya rungume nasa lauyan yana washe baki. Duk da haka na kai wa Gwaggo abin da lauyanmu ya gaya min.

Dama ta yi alkawarin sadaka in Allah Ya fid da ita. Ranar Juma'a ta soya waina cike da kwalla, na kai masallacin unguwa. A bakin ƙofa na tarar da direban Alhaji da tasa kwallar, ita ma waina, shi ma sadakar nasara. Ladan ya dube ni ya dube shi ya ce, "Wai don Allah wa ya ci shari'ar nan?"

Na ce, "Malam, ka dai ci waina."

Da yamma akwai shirin rediyo da lauyoyi ke sharhi kan hukuncin kotu. Na buga waya na ba da labarin, ban kama suna ba. Lauya na farko ya ce abin da hukuncin ke nufi shi ne rikicin fili mai takardar gwamnati a cikin gari aikin babbar kotu ne, kotun farko ba ta da hurumi, saboda haka duk abin da ta yi kamar ba a yi ba, sai an sake sabon lale. Na biyu ya ce tsarin mulki ya ba baiwar Allah 'yancin mallakar gida, ba mai fitar da ita sai da umarnin kotu. Har na fara murna, na farkon ya ce ai shi ma Alhajin tsarin mulkin bai manta da shi ba. Suna cikin musu aka katse su da tallar maganin basir.

Haushi ya kama ni, ban ma san wa zan ji haushi ba. Shekaru muna sallama, ashe ba ƙofar ba ce.

Washegari na sami Gwaggo a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na yi bayani iya yina, ina yi ina jin kunyar kaina.

"Ɗan nan, bar dogon Turanci. Na ci ko ban ci ba?"

"Ba ki ci ba, Gwaggo. Shi ma bai ci ba."

"To gidan na wa?"

"Ba a faɗa ba tukuna."

Ta ajiye faifan, ta bi ɗakunan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "To ni yanzu mece ce a nan, mai gida ko baƙuwa? Gaya min in san irin zaman da zan yi."

Ta miƙe ta janyo gyalenta daga kan igiya ta yafa, ta koma bakin tabarma ta zauna a ɗosane.