Mai Ɗebo Ruwan Gwaji

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi a hukumar ruwa, aikinsa kuma ɗaya ne: ɗebo ruwan gwaji. Babur ɗin ofis yake hawa, da akwatin katako a baya. Duk unguwar da ya shiga sai ya buɗe famfo, ya bar shi ya zuba na minti biyu, ya cika kwalba, ya rubuta wuri da lokaci, ya kai ɗakin gwaji. 'Yan ofis Sarkin Kwalabe suke ce masa. Mu kuma a gida muna tsokanarsa, wai ko a gidan surukai aka ba shi ruwa sai ya ɗaga kofin ya duba.

Ana nan sai aka kawo sabuwar doka. Maimakon wuri shida, sai a riƙa gwada goma sha biyu duk mako, ofishin da ya gaza a ci shi tara. A watan ne kuma mai ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, hukuma ta rage man babura zuwa rabi.

Kawu ya sami shugaban sashensu ya ce, "Yallaɓai, man nan ba zai kai ni wuri goma sha biyu ba."

Shugaban bai ko ɗago kai ba. "Ni ma daga sama aka turo mini. Kwalba goma sha biyu nake so a teburin nan duk Alhamis. Ban tambaye ka komai bayan wannan ba."

Wata biyu Kawu yana cika man daga aljihunsa, ga 'ya'ya biyar. Da abin ya fi ƙarfinsa, sai ya koma yana zuwa wurare bakwai na kusa. Sauran kwalabe biyar ɗin a famfon bayan ofis yake cika su, inda ake wanke motoci, ya liƙa musu sunayen unguwannin nesa.

A unguwa mafi nisa, can ƙarshen bututu, akwai wani tsohon tela mai famfo a ƙofar shagonsa, sun saba ƙwarai da Kawu. Wata Talata sai ga shi a ofis, mota biyu ya hau, riƙe da ruwa a gora.

"Abokina, ka guje mu," in ji shi. "Shinshina ka ji. Kwana huɗu ke nan yana wannan warin."

Kawu ya shinshina, ya san ruwan ya gurɓata. Amma idan ya miƙa ruwan nan ɗakin gwaji, za a kwatanta shi da na makon jiya mai sunan unguwar, a gane ba famfo ɗaya ba ne.

"Ai ana gwadawa, Baba," ya ce. "Lafiya lau yake. 'Yar laka ce, za ta wuce."

Tela ya yi godiya ya tafi. Kawu ya tura gorar ƙarƙashin tebur, da niyyar Alhamis mai zuwa zai je da kansa. Alhamis ta zo ba mai a babur.

Bayan mako uku amai da gudawa suka ɓarke a unguwar. Ashe bututu ne ya fashe a ƙarƙashin kwata. An kwantar da mutum arba'in, uku ba su tashi ba, har da matar tela. Aka kafa kwamiti, ya duba takardu ya tarar ba giɓi ko ɗaya, ya ɗora laifin a kan tsufan bututu. Ba a daɗe ba aka mayar da gwajin wuri shida. Ƙarshen shekara kuwa Kawu aka kira gaban jama'a, aka ba shi takardar yabo.

Sai da ya yi ritaya sannan ya iya komawa shagon. Daga tsaye ya faɗa wa tela komai, bai rage ba. Tsohon ya tsayar da keken ɗinkinsa.

"Da ka ce mini ba ka sani ba," ya ce, "ai da mun tafasa."

A ƙafa Kawu ya dawo gida ranar. Ina tsakar gida ina wanki ya shigo, ya ja kujera kusa da ni, ya ce, "'Yar nan, ajiye wankin, zan gaya miki wata magana." Bayan tela, ni kaɗai ya gaya wa, ko matarsa ba ta sani ba har ya rasu.