Jan Bangon Da Zalika Ta Shafe

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana Isufu makwancinsa a nan Gaya, Allah Ya jiƙansa. Ana cewa mutuwa in ta kwana biyu sai ta koma labari. Tamu dai ba ta koma ba, domin a tsakar gidansa akwai wani jan bango da ya hana mu mantawa, kuma a kan bangon nan ne magana ta tashi a gidan a watan jiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na rage abin da ke cin raina.

Ni maƙerin tukwane ne. Tsofaffin gwangwanaye da fasassun kayan mota na sanholo, ƙarfen nan fari marar nauyi, su nake narkawa in zuba tukunya. Yaya Isufu kuwa ya yi shekaru a ƙasar Gine yana aiki a wata masana'anta inda ake dafa jan dutse a fitar da farin garin da ake yin sanholon da shi. Ya dawo gida da tari, ya kuma dawo da wani ra'ayi da ya fi tarin naci: wai jajayen duwatsun da ke wajen garin Tanda, nan kusa da mu, 'yan uwan na Gine ne, mu ne kawai muke taka arzikinmu ba mu sani ba.

Ya kafa gangunan ƙarfe a bayan gida. Yakan ɗauko dutsen a amalanke, ya daka shi lukui, ya zuba sodar nan da mata ke yin sabulu da ita, ya yi ta dafawa har hayaƙi ya kori kaji. In ya tace, sai ya bar ruwan ya huce, wani farin gari ya kwanta a ƙasa. Ranar da ya fara samunsa, da gudu ya zo maƙerata da shi a kwalba, dattijo da furfurarsa. Na ce masa, "Yaya, wannan in an dama zai yi kunu?" Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ya ce garin ba ya zama ƙarfe sai da wutar lantarkin da ta fi ta Gaya gaba ɗaya, amma ko ba komai ya nuna cewa abin yana nan.

Abin da ke saura bayan an tace shi ne jan laka, mai laushi kamar ƙullun ƙosai, babu tsakuwa ko ɗaya. Yaya ba ya zubar da shi. Ya ce a Gine tsibi-tsibi ake tara shi ana kallonsa kamar shara, alhali akwai wasu ƙarafa a ɓoye cikinsa da suka fi sanholon tsada, wata rana duniya za ta dawo tana nemansu. Don haka ya haƙa rami ya riƙa tarawa, ya rufe da zana. Ya gargaɗi kowa a kan gangunan, ya hana yara zuwa wajen. Ramin ne bai taɓa yi wa kowa magana a kansa ba, domin a tunaninsa wa zai je ya taɓa laka?

Matarsa Zalika ce ta taɓa. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san yadda mata ke shafe bango da jar ƙasa in salla ta gabato, da hannu, su bi da yatsu su yi zane. Ƙasa mai kyau kuwa sai an yi tafiya a nemo ta, a tankaɗe, a jiƙa. Zalika gwanar kitso ce, mace mai son tsabta da ƙyale-ƙyale, har daga Tunuga amare ke zuwa wurinta. Wata rana gab da salla Yaya ya tafi Tanda ɗauko dutse. Ta ɗaga zanar nan ta ga ƙasar da ba ta taɓa ganin mai kyanta ba, a jiƙe, a kwaɓe, tana jira. Ta ce bari ta shafe bangon ɗakinsa kafin ya dawo, ta ba shi mamaki.

Rashin sani ya fi dare duhu. Soda ba ta fara cizo nan take, santsi take yi a hannu kamar sabulu. Da zafin ya soma, sai ta ɗauka kaushin sanyi ne ya tsage, ta cije ta ƙarasa aikinta, har ta danna tafukanta biyu a gefen ƙofa don ado. Da abin ya yi tsanani, maƙwabta suka shafa mata man kaɗe, kamar yadda ake yi wa ƙunar wuta, maimakon a yi ta kwarara ruwa. Kafin a kai ta wurin lokotoro a asibiti fata ta riga ta saɓule. Hannuwan sun warke, amma yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe. Daga ranar ba ta sake kama gashin kowa ba, ko nata sai 'yarta ta yi mata.

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya tsufa da sauri irin Yaya ba. Ya kife gangunan, ya cike ramin da duwatsu ya zuba siminti a kai. Na ce masa a kankare bangon, ya ce a'a, a bar shi ya riƙa kallonsa. Kullum da la'asar a nan yake shimfiɗa tabarma, fuskarsa ga shatin hannayen nan biyu. Zalika ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa take cewa, kuma ina ganin wannan haƙurin nata ya fi faɗa yi masa ciwo. Shekara huɗu ya yi a haka, tarin ya tafi da shi. Wasiyyarsa gare ni guda ɗaya ce: in bangon ya faɗi, kada ƙasarsa ta je gonar kowa, kada ta je gulbi.

Bangon bai faɗi ba. Duk damina in ya sha ruwa ya bushe sai wani farin gishiri ya tsattsafo masa, ya bi layin yatsun ya fito da su fes, kamar jiya aka danna. Mukan ɗaure awaki nesa don kada su lasa. Ko ciyawa ba ta fitowa a gindinsa. Ni da nake wuni a gaban wuta, nakan ƙara sauri in na zo wuce shi.

Kwanaki na ji a rediyo ana cewa manyan ƙasashe sun koma tonon irin wannan jan lakan suna neman ƙarafan da ake sawa a wayar salula da batir. Na ajiye abin da ke hannuna na zauna. Ashe dai mutumin nan da muke wa dariya ya hango. Me zai ce da yana raye? Da can na tabbata zai zo maƙera da gudu ya ce, "Ba na faɗa maka ba?" Amma Isufun da na sani a ƙarshe ba zai yi murna ba. Zai tambaya ne: a ina suke tara lakan, su wa ke zaune kusa da shi, kuma an gaya wa matan wurin?

To, a watan jiya ɗansa Sani ya zo da maganar rushe ɗakin. Gidan yana bakin hanya, yana so ya fitar da shaguna, kuma ban ga laifinsa ba, iyali gare shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne har ya yi wa wani manomin shinkafa na Tunuga alkawarin ƙasar, domin kowa ya san ƙasar tsohon gini taki ce. Na ce, "Kai Sani, kana da hankali kuwa? Gubar da ta cinye hannun uwarka za ka kai bakin gulbi?" Muka yi ta sa-in-sa, shi yana cewa shekaru sun kashe ƙarfinta, ni ina nuna masa farin gishirin. Har ya kafa turakun awon shagunan ya ja igiya ta tsakiyar ɗakin.

Zalika na zaune tana jinmu. Can ta tashi, ta je gefen ƙofar, ta ɗora hannunta a kan shatin. Na bangon yatsu biyar ne miƙaƙƙu, dogaye, na gwanar kitso. Nata bai rufe ko rabinsa ba. Ba ta kalli kowa ba ta ce, "Sani, in ka rushe, ina zan riƙa zuwa in ga hannuna?"

Washegari na tarar Sani ya tuge turakun ya mayar da su baya, shago ɗaya zai fitar maimakon uku.

Ina yawan auna abin da Yaya Isufu ya bari. Bai fitar da ƙarfe ko na cokali ba. Kwalbar farin garin tana nan a maƙerata, ban san amfanin da zan yi da ita ba, na kuma kasa yarwa. Ya yi gaskiya a kan dutsen, ya yi gaskiya a kan lakan, sai magana guda da bai faɗa wa matarsa ba ta rinjayi duk sauran. Bangon ya soma tsagewa daga sama, ban sani ba ko zai ga damina biyu nan gaba. Na riga na tanadi buhuna da safar hannu ta roba, ranar da ya faɗi ni zan kwashe ƙasar da kaina kamar yadda na yi alkawari. Addu'ata kawai, Allah Ya sa kada ya faɗi Zalika tana gani.